Asusun banki ba tare da takardar wuta ba: inda matakin farko ke biyan buƙata da inda yake gazawa

"Ina takardar NEPA?" Wannan tambayar ta mayar da mutane da yawa gida daga ƙofar banki. Wani ɗaki ɗaya yake haya a gidan da magidanta shida ke kan mita guda. Wani a gidan gado yake, bil na zuwa da sunan kakansa da ya daɗe da rasuwa. Wani kuwa ƙauyensu ba a taɓa kafa turken wuta ba, balle a kawo takarda. Sai mutum ya haƙura, ya ci gaba da karɓar kuɗinsa ta asusun ƙaninsa ko na mai POS ɗin bakin layi, kullum ana cire masa caji, kullum wani ya san abin da ya shigo masa.

Alhali tun watan Janairun 2013 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya raba buɗe asusu zuwa matakai uku, ya kuma ware na farkon musamman don irin waɗannan mutanen. A fom ko a manhajar waya za ka ga an rubuta "Tier 1", kuma sunan da za ka ambata wa ma'aikacin banki ke nan. Ba a neman shaidar adireshi a wannan matakin. Za ka faɗi inda kake zaune, a rubuta, amma ba za a ce ka kawo takardar wuta ko ta ruwa ba. Hukuncinmu a kansa shi ne, ƙofar a buɗe take da gaske, kuma ta isa ga mai ƙaramin ciniki, ɗalibi, mai aikin gini ko matar da ke sana'a a cikin gida. Matsalarsa biyu ce: rufinsa, wato iyakar kuɗin da yake iya ɗauka, gajere ne, sannan abin da ke hana mutane shiga yanzu ba adireshi ba ne, saɓanin suna da ranar haihuwa da lambar waya ne. Wanda bai san waɗannan biyun ba zai iya buɗe asusu cikin minti goma, ya kuma yi wata guda yana zarya kuɗinsa na maƙale.

Abin da ake nema a hannunka

A da, suna da hoto da lambar waya sun wadatar. Wannan ya canja da takardar da CBN ya fitar ranar 1 ga Disamban 2023: dole asusun matakin farko ya kasance da BVN (lambar tantancewa ta banki) ko NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), mataki na 2 da na 3 kuma dole su haɗa duka biyun. Daga 1 ga Maris 2024 aka ce a tsayar da duk asusun da ba shi da ko ɗaya. Takardar ta kuma umarci bankuna su riƙa jawo bayanan mutum kai tsaye daga rumbun BVN ko na NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ba abin da ya rubuta da hannunsa kawai ba. Nan ne tushen yawancin wahalar da za mu zo kanta.

Don haka mai buɗe asusun farko ya fara da NIN. Lamba 11 ce, rajistar farko kyauta ce a ofishin NIMC, kuma in ka yi amma silif ɗin ya ɓata, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi, za a cire ɗan kati a nuna maka lambar. BVN ita ma lamba 11 ce, a banki ake yi ko wurin wakilin da ke da na'urar ɗaukar yatsa, ita ma kyauta. Ana ɗaukar yatsu goma da hoton fuska, lambar ta zo ta saƙon waya, wani lokaci washegari, wani lokaci bayan 'yan kwanaki. Wanda ya taɓa yi ya manta, *565*0# ne, shi ma a layin da aka yi rajistar.

Bayan wannan sai layin waya da aka yi wa rajista da NIN ɗinka, hoton fasfo ɗaya ko biyu in banki za ka shiga da ƙafarka, da sunan magaji da lambarsa. Shi ke nan. Ba a tilasta kuɗin buɗewa a wannan matakin, sai dai in kana son katin ATM.

Ko da banki ya yarda ya buɗe maka da NIN kaɗai, ka yi BVN a ranar. Dalili ɗaya ya isa: lokacin da CBN ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, da BVN hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta riƙa gano sauran asusun mutane a wasu bankuna tana tura musu kuɗinsu ba tare da sun je ko'ina ba.

Rufin

A bankuna, asusun matakin farko ba ya karɓar sama da Naira 50,000 a shigarwa ɗaya, kuma jimillar abin da ke ciki ba ta wuce Naira 300,000. A manhajojin kuɗi na waya iyakar tana zuwa da siffar hada-hadar Naira 50,000 a rana, da rufin 300,000 ɗin nan dai. Mataki na 2 yana ɗaga rufin zuwa 500,000. Na 3 ne ba shi da rufin ajiya, kuma shi ne ke neman cikakkiyar shaidar adireshi. Asusun matakin farko na ajiya ne kawai, babu littafin cek, kuma ba a turo masa kuɗi kai tsaye daga ƙasar waje. Wanda ɗan'uwansa ke aiko masa daga Saudiyya ko Ingila ya san da wannan tun kafin ya ba da lamba.

An sa waɗannan alƙaluman ne shekaru da dama da suka wuce, lokacin da Naira 50,000 kuɗi ce mai kauri. Yau ba ta kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024. Wato ma'aikacin da ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta ma ya wuce iyakar shigarwa ɗaya. Wannan ne babban aibin tsarin, kuma a ganinmu ya kamata a ce an daɗe da gyara shi.

Ga yadda abin ke cizo. A ce ka kai sa kasuwar Wudil ranar Juma'a, an yi ciniki a 450,000, mai saye ya ce turawa zai yi. Ka karanto masa lambar asusunka ta matakin farko. Ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai turawar ta ƙi shiga, kuɗin ya koma wa mai shi, wanda wannan shi ne mai sauƙi, sai dai wani lokaci komawar tana ɗaukar sa'o'i, kai kana riƙe da igiya shi yana nuna maka alat ɗin cirewa. Ko kuma kuɗin ya shiga, ka gan shi ɓaro-ɓaro a waya, amma a sa wa asusun takunkumi, ba za ka iya cire ko sisi ba sai ka ɗaga matakin. Ɗaga matakin kuwa yana iya kai ka ga takardar adireshin da ka guje wa tun farko, a lokacin da kake cikin matsi. Manomin da ke sayar da amfani sau ɗaya a shekara, mai adashen da kwasarsa ta kusa, da wanda ake tara masa gudummawar biki, duk su ɗaga matakinsu mako biyu ko uku kafin kuɗin ya zo. Raba kuɗin gida-gida ana turowa a hankali ba mafita ba ce, domin rufin 300,000 na nan yana jira.

Ƙofofi uku, kowacce da halinta

Ta farko ita ce bankunan kasuwanci da aka sani, irin su First Bank, UBA, Access, Zenith da GTBank. Ana buɗewa a reshe, ko wurin wakilansu na unguwa, ko ta lambobin dannawa (*894#, *919#, *901#, *966#, *737#, bi da bi) inda ake zaɓar buɗe asusu. Amfaninsu shi ne akwai gini, akwai tebur, akwai mutumin da za ka zauna gabansa ranar da abu ya lalace. Inshorar NDIC a kansu ta kai Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya tun 2024, wanda ya ninka rufin matakin farko sau da yawa. Rauninsu layi ne da nisa: akwai ƙananan hukumomi a arewa da ba su da reshe ko ɗaya, sai an yi kuɗin mota. Sannan a reshe ne aka fi samun ma'aikacin da zai miƙo maka fom ɗin cikakken asusu ya lissafo takardu har da ta wuta, don shi ya saba bayarwa. Kada ka juya. Ka ce masa asusun "Tier 1" kake so, da NIN. In ya nace, nemi shugaban sashen kula da kwastomomi.

Wanda ba ya son kuɗinsa ya haɗu da ruwa, akwai Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da ya biyo a 2019, da Lotus. Ƙa'idar matakai ukun nan ta CBN ce, ta hau kansu kamar kowa, don haka su ma kana iya tambayarsu matakin farko. Rassansu ba su kai na tsofaffin bankuna yawa ba, sai ka duba ko akwai a garinku.

Ta biyu manhajojin waya ne: OPay, PalmPay, Moniepoint, Kuda. Su suka cika kasuwa tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar turawa dole. Ana sauke manhajar, a sa lambar waya, lambar sirri ta wucin gadi ta zo ta saƙo, a sa BVN ko NIN, a ɗauki hoton fuska ana ƙifta ido ko juya kai, a rubuta adireshi. In komai ya dace, kafin shayi ya huce an gama. A OPay da PalmPay lambar wayarka ce ke zama lambar asusu in an cire sifilin farko, abin da ke sauƙaƙa wa wanda haddar lamba goma ke yi masa wuya. Wajen sauri da arhar turawa sun yi wa bankuna fintinkau, wannan ba a musu. Amma sai da babbar waya da data, kuma ranar da aka kulle asusu yawanci da saƙo ko kiran waya za ka bi, ofisoshinsu ba su da yawa, galibi a manyan birane suke. Lasisinsu ma ba iri ɗaya ba ne: Moniepoint da Kuda ƙananan bankuna ne, inshorarsu Naira miliyan 2, OPay da PalmPay kuwa da lasisin hada-hadar kuɗi ta waya suka shigo. A watan Afrilun 2024 CBN ya dakatar da waɗannan kamfanonin daga ɗaukar sabbin kwastomomi har zuwa Yuni, kan batun tantance masu asusu. Tun daga nan suka ƙara tsanani, har ana iya aiko mutum ya ga gida ko shago. Saboda haka kada ka rubuta adireshin ƙarya a manhaja kana ganin ba mai zuwa.

Abu ɗaya da ya kamata mai gudun riba ya lura da shi: manhajojin nan suna da aljihun ajiya mai ba da ruwa kullum, kamar OWealth a OPay, kuma suna yawan tallar bashi a fuskar farko. Ka karanta kafin ka danna amincewa, ka bar kuɗinka a asalin asusun.

Ta uku ita ce ta kamfanonin layi, MoMo na MTN a *671# da SmartCash na Airtel a *939#. Waɗannan suna aiki a ƙaramar waya mai madannai, ba data, ba manhaja. Ga tsohuwa a ƙauye da 'ya'yanta ke turo mata kuɗin cefane daga birni, babu abin da ya fi su sauƙi, matuƙar akwai wakili kusa da zai ba ta tsabar kuɗi. Dokar lasisinsu ta hana su ba da bashi, wanda ga wasu alheri ne. Sai dai komai nasu a kan layin yake, layi ya faɗi, asusu ya shiga haɗari.

In za mu zaɓa wa mutum: mai ƙaramar waya a karkara ya fara da ta uku. Mai sana'ar da ake biya sau ashirin a rana ya ɗauki ta biyu. Wanda zai riƙa tara kuɗi, ko yake sa ran albashi, ko tallafin karatu, ya daure ya bi layin banki sau ɗaya. Ma'aunin da ya fi kowanne shi ne, wa zai gyara maka matsala a inda ƙafarka za ta iya kaiwa.

Inda abin ya fi lalacewa

Suna. A NIN an rubuta Muhammad, a BVN Mohammed, a katin zaɓe Muhammadu. Ko A'isha a nan, Aishatu a can. Ko a ɗaya an sa sunan gari a matsayin sunan ƙarshe, a ɗayan an sa na kaka. Ko sunayen duk daidai ne amma an juya jerinsu, sunan uba ya koma farko. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu ne. A matakin farko, da yake lamba ɗaya ake nema, saɓanin kan ɓuya. Ranar ɗaga mataki, da aka ce a haɗa BVN da NIN, ranar yake fitowa. Maganinsa tun farko ne: in za ka yi BVN, ka riƙe silif ɗin NIN a hannu, ka kwafe harafi da harafi, ka kuma roƙi ma'aikacin ya juyo maka allon ka gani kafin ya tura. Matar da ta yi NIN da sunan mahaifinta kada ta yi BVN da sunan miji.

Ranar haihuwa ta fi suna tsada. Da yawa an cike musu 1 ga Janairu ne da shekarar da aka ƙiyasta, wani wurin kuma aka sa wata daban. Gyaran ranar haihuwa a NIMC ya haura Naira 28,000 tun 2025, ga neman takardar hukumar ƙidaya, ga jira. Gyara a ɓangaren BVN a banki ake yi, kuma za a nemi hujja, sau da yawa har da takardar rantsuwa daga kotu. In NIN ɗinka ita ce daidai, BVN za ka gyara ta bi ta, ya fi sauƙi da arha.

Sai layin waya. Wannan ya fi shafar mata da dattawa: an yi wa Hajiya BVN da lambar ɗanta, ɗan ya tafi Legas, duk lambar sirrin da aka turo can take sauka. Ko layin da aka yi rajista da shi ya daɗe a ajiye har kamfani ya sake sayar da shi ga wani, alat ɗinka na shiga wayar baƙo. Layin asusu ya zama naka, da NIN ɗinka, kana amfani da shi. Ka sa wa SIM ɗin kansa lambar sirri, domin ɓarawon waya ba wayar ce kawai ke gabansa ba, layin yake cirewa ya sa a wata ya fara gwada lambobin banki. Waya ta ɓata, a rufe layi a kuma sanar da banki a ranar, ba gobe ba.

Na'urar yatsa tana wahalar da manoma, magina, masu wanki da tsofaffi, saboda zanen yatsa ya goge. A wanke hannu, a goge, in ya bushe ƙayau a ɗan murza shi a goshi ya sami maiƙo. Lalle mai kauri a kan yatsu ma yana hana ɗauka, har JAMB ta sha gargaɗin ɗalibai a kansa, don haka amarya ta jira ya dushe. Hoton fuska a manhaja kuma yana ƙin karɓa ne in ɗaki da duhu ko haske na bayan mutum. A fito tsakar gida a fuskanci haske. Hijabi ba ya hanawa in goshi da haɓa sun fito. Mai niƙabi sai ta ɗaga, kuma tana da damar neman mace ta ɗauke ta a banki.

Yadda ake rubuta adireshin da ba shi da lamba

Ko ba a neman takarda, abin da ka rubuta zai bi ka har ranar ɗaga mataki, don haka a rubuta shi yadda baƙo zai iya zuwa. "Unguwa Uku, Kano" ba adireshi ba ne. A sa lambar gida in akwai, ko wadda ma'aikatan rigakafi ko na wuta suka rubuta a bango in ita aka sani, sai sunan layi, sai alama tsayayya da ba ta tashi: bayan masallacin Juma'a, daura da firamare, kusa da gidan mai unguwa. Ba teburin mai shayi ba, ba bishiyar da za a iya sarewa ba. Sai unguwa, ƙaramar hukuma, jiha. A ƙauye, sunan ƙauyen da gundumar da garin da ya fi kusa.

Mai tantance adireshi da banki ke aikowa yakan zo a babur, da waya a hannu, ya tsaya a bakin layi ya tambayi yaran da ke wasa ina gidan Sulaiman Abdullahi. Yara su ce ba su san shi ba, domin duk layin Baban Walid ake kiransa, ko Sule mai faci. Ya kira lambar sau biyu ba a ɗauka ba saboda baƙuwar lamba ce, ya rubuta "ba a samu ba", ya wuce. Da haka neman ɗaga mataki ke faɗuwa ba tare da mai shi ya san dalili ba. Ka gaya wa mutanen gida da mai shagon ƙofar gida sunanka na takarda, ka kuma riƙa ɗaukar baƙuwar lamba a kwanakin. Mai tantancewa na gaskiya gida zai gani, ya ɗauki hoton ƙofa, wataƙila ya nemi ganin katin shaida. Ba ya tambayar lambar sirri, ba ya karɓar kuɗi.

In lokacin ɗaga mataki ya yi

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, takardar wutar ba sai da sunanka ba. Adireshin ake dubawa. Bil ɗin KEDCO, ko na Kaduna Electric, ko na JED, ko na YEDC da ke ɗauke da sunan mai gida yana wucewa a yawancin bankuna, in dai adireshin ya yi daidai da wanda ka rubuta kuma bai wuce wata uku ba. Inda ake tuntuɓe shi ne bil na ɗauke da lambar fuloti ta tun lokacin da aka yanka filaye, kai kuma ka rubuta sunan layi na yanzu. Ka duba bil ɗin tukuna, ka rubuta yadda yake, ka ƙara alamar a gaba. Masu mitar kati su lura, rasit ɗin da mai POS ke bugowa sau da yawa lambar mita da suna kawai yake nunawa. A je ofishin kamfanin wutar a nemi wanda adireshi ya fito a jiki.

In babu wuta sam, ana gwada takardar hukumar ruwa, ta kwasar shara, yarjejeniyar haya ko rasit ɗin haya mai sa hannu da adireshi, wasiƙar wurin aiki, ko ta makaranta ga ɗalibin da ke kwana a ciki. Wasiƙar mai unguwa, dagaci ko hakimi mai hatimi tana aiki a wasu rassan, musamman inda manajan ya san yankin, wasu kuma sai sun haɗa da zuwa ganin gida. Kafin ka kashe kuɗin mota da na buga takarda, ka tambayi reshen da bakinka wace suke karɓa, domin bankuna ba su daidaita a kan wannan ba, har rassan banki ɗaya kan bambanta.

Abin da ba za a yi ba shi ne sayen bil ɗin da aka gyara a shagon kwamfuta. Ana iya duba lambar mita a gano, kuma ranar da aka gano, asusun ne za a rufe da kuɗinka a ciki. Haka nan masu bi unguwa-unguwa suna ba matasa 'yan dubbai don a buɗe asusu da NIN ɗinsu a miƙa musu. Da irin waɗannan asusun ake karɓar kuɗin damfara da na fansa, kuma sunan da ke jiki shi jami'an tsaro za su nema. Akwai jerin BVN da ake sa wa alamar zamba, wanda ya shiga kuwa duk bankuna suna gani.

Abin da za a riƙa cirewa

Jadawalin cajin da CBN ya fara aiki da shi a Janairun 2020 ya sa, a wancan lokacin, kuɗin turawa zuwa wani banki Naira 10 in bai wuce 5,000 ba, Naira 25 har zuwa 50,000, Naira 50 sama da haka, ban da harajin VAT. A jadawalin na 2020, katin ATM Naira 1,000 ne da ɗan haraji a kai, da Naira 50 duk wata uku na kula da kati a asusun ajiya. Akwai harajin gwamnati na Naira 50 a kan turawar da ta kai 10,000, wanda tun ƙarshen 2024 ya shafi manhajojin waya ma. Dannawa ta lambobin banki tana cin Naira 6.98 duk zama ɗaya, kuma alat na saƙon waya ma biya ake yi. Ɗaya-ɗaya ba su da yawa, amma ga mai juya 3,000 sau goma a rana suna taruwa, shi ya sa masu ƙananan sana'a suka karkata ga manhajoji. Duk da haka kada ka kashe alat don tsimi in ba ka da babbar waya, shi ne idonka a kan asusun.

Asusun da aka shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya kwanta, sai an je an farfaɗo da shi da katin shaida. Kuɗin ba ya ɓacewa, amma ranar buƙata ba zai fita ba. Ko katin waya na Naira 100 ka riƙa saya daga ciki duk bayan wata biyu ya isa ya riƙe shi a raye.

In an cire kuɗi bai isa inda aka tura ba, ka ɗauki hoton rasit ɗin ko ka adana saƙon, ka kai ƙorafi ga bankin ko manhajar, ka kuma karɓi lambar ƙorafin a rubuce. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, da wannan lambar ake kai ƙara sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN, kuma ba sa sauraron wanda bai fara bi ta bankinsa ba.